Shekarar da Aka Buɗe Ruhewar Kakana

Wata maƙwabciyata a nan unguwar Damba ta Gusau ta aiko mini da gero a kwano, ta ce daga ƙauyensu aka kawo mata, na shekarar waccan ne. Ina ɗaga faifan da aka rufe shi sai ƙamshin ya tare ni. In kin taɓa shaƙar geron da ya kwana biyu a cikin ginin ƙasa, kin san abin da nake nufi. Ba irin na buhu ba ne. Akwai ƙamshin yumɓu a cikinsa, da wani sanyi-sanyi kamar na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Na zauna a bakin murhu da kwanon a cinyata, har ruwan da na ɗora ya tafasa ya ƙone ban sani ba.

A wani ƙauye na ƙasar Tsafe aka haife ni, can gefen Kucheri. Gidanmu gidan gandu ne: kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, da matarsa Inna, da mahaifina, da ƙanen mahaifina wanda muke ce wa Baffa, da matansu da mu yara. Gona ɗaya, tukunya ɗaya. A tsakar gida akwai rumbunan kara da ake ɗibar abincin yau da gobe. Daga bayansu kuma akwai babban rumbun ƙasa, wanda mu a can muke kira ruhewa, yana zaune a kan duwatsu da hular jinka a kansa. Dammai na gero ake jerawa a ciki, da zangarniyarsu, ba a sussuke ba, sannan a yaɓe bakin da laka. Wannan ba na ci ba ne. Na tsimi ne, na ranar da sama ta ƙi. Ba mai taɓa shi sai da bakin Baba Tsoho. In an shekara biyu ko uku lafiya, sai sabon hatsi ya shigo gida tukuna yake ba da izini a kwashe tsohon a zuba sabo.

Kowace safiya in ya dawo masallaci, kafin ya sha kunu, sai ya bi ta bayan rumbuna ya ƙwanƙwasa cikin ruhewar da sandarsa. Idonsa ya riga ya fara yana, amma kunnensa garau. Ya taɓa kama hannuna ya sa ni na buga wata tsohuwar randa da babu komai ciki, sannan na buga ruhewar. Ya ce, "Kin jiya? Mai yunwa shi ka yawan magana. Ƙosasshe shiru shikai."

Kada ki ɗauka kakana mutum ne da bai san duniya ba. Da ƙuruciyarsa da jakuna ya yi ta kai auduga da gyaɗa tashar jirgin ƙasa. Yakan ba mu labarin yadda ya ga Gusau ta kumbura a gaban idonsa saboda jirgin nan: kantuna, da gidan gurzar auduga, da mutanen kudu da suka zo da iyalansu suka zauna, da kwanon rufi da kananzir da gishirin buhu. Bai taɓa musun cewa jirgi ya kawo arziki ba. Rigarsa ta farko mai aiki da kuɗin gyaɗa ya saye ta. Amma yakan ƙara da labarin wata shekara da mutane suka ga gyaɗa na tsada, suka cika gonakin gero da ita, da yunwa ta zo kuma jirgin ya ci gaba da wucewa cike da buhuna, su suna tsaye a bakin dogo suna kallo. Daga wannan shekarar ya gina ruhewarsa.

Ina 'yar makarantar firamare aka fasa hanyar burji daga Tsafe ta biyo ta ƙauyenmu. Mun yi murna, ba zan ɓoye ba. Muka bi katafila da gudu har ƙafafunmu suka yi ja. Kafin a daɗe motoci suka fara shigowa ranar kasuwa. Aka samu mai shayi, aka samu injin niƙa wanda ya hutar da iyayenmu mata daga dutse, aka samu mai gyaran keke. Masu jakuna suka yi ta sayar da su, don abin da jaki goma za su wuni suna ja, mota ɗaya ta kwashe shi kafin hantsi. A gidanmu ma aka sayar, sai wata tsohuwar jaka guda da Baba Tsoho ya ce ko wuƙa aka sa masa a wuya ba za ta fita ba.

Ranar da mai gari ya zo yana yi masa barka da hanya, ina zuba musu ruwa na ji Baba Tsoho ya ce, "Barkanmu dai. Amma ku lura da motocin ga. Wofi suka shigowa, cike suka hita. Wanda duk ya zo gidanka da babban kwano wofi, ba ziyara ta kawo shi ba."

Baffa shi ne ya fi kowa shiga harkar. Saurayi ne mai kuzari, mai fara'a, kowa na sonsa, ni ma ina sonsa don shi ke kawo mana alewa. Ya zama mai tara wa masu motoci hatsi. Da rani ya yi nisa, gero ya yi tsada a birni, sai ya fara zagayen mahaifinsa. Wata rana da la'asar ya durƙusa gabansa ya ce, "Baba, hatsin ga kwance shike yana tsuhwa. A saishe shi yanzu da daraja, in kaka ta yi mu mayar da wanda ya hi shi. Ko yunwa anka yi, ga hanya, ga mota. Zamanin ɓoyo ya wuce."

Baba Tsoho ya ce, "Motar taka tana sallah?"

Baffa ya yi dariya. "Wace irin sallah kuma, Baba?"

"To mi za ta ji tsoro ta cika maka alkawari?"

Mahaifina yana gefe yana gyaran igiya, bai ɗaga kai ba. Shi dama ba mai magana ba ne, kuma a lokacin na ɗauka shirunsa goyon bayan tsoho ne.

Bayan wannan ba da daɗewa ba, su biyun suka matsa a kai Baba Tsoho asibiti a Gusau a duba idonsa. Suka ce ga hanya Allah ya kawo, zunubi ne a bar shi ya makance. Gaskiya suka faɗa, kuma har yau ina so in yarda cewa tausayi ne ya fara sa su. Aka tafi da Inna don jinya, aka tafi da ni don aike. Wannan ce shigata mota ta farko, na yi ta amai, Inna na riƙe da ni tana salati. Aka yi masa aiki a ido ɗaya, aka ce ya riƙa dawowa ana dubawa. Mahaifina ya ce wahalar zuwa da komawa ta yi yawa, gara mu zauna a Bungudu gidan dangin Inna, tunda nan kusa ne. Inna ta ji daɗi. A da, in ji ta, zuwa Bungudu daga gidan aurenta sai an yi guzuri an yi sallama da kowa, ga shi yanzu ta ga 'yan uwanta a wuni guda. Muka zauna can har zafin bazara ya kai ƙarshe. Duk lokacin da tsoho ya ce gida, sai saƙo ya zo cewa a ƙara haƙuri, likita bai sallame shi ba.

Da muka dawo, idon bai wani buɗe ba, inuwa-inuwa kawai yake gani. Washegari ya je ya ƙwanƙwasa ruhewarsa. Ta amsa masa da shirunta na kullum. Ya ce alhamdu lillahi, ya je ya sha kununsa.

Inna ce ba ta gamsu ba. Sai na ga tana yawan tsayawa. Ta tsaya ta dubi laka ta bakin ruhewar, wadda ta fi ta jikin ginin duhu. Ta tsaya ta dubi ɗakin Baffa da aka yi wa rufin kwano. Ta dubi sabon keken mahaifina. Akwai wata 'yar tsaga a gindin ruhewar inda tururuwa suke da hanya tun ina rarrafe, kullum ka gan su a jere kowace da ƙwayar gero a baki. Wata safiya na tarar da Inna a durƙushe a wurin. Hanyar tururuwan ta shafe, ko ɗaya babu.

Da rana mahaifiyata ta miƙo mata ƙwaryar fura. Inna ba ta karɓi ƙwaryar ba, sai ta kama hannun ta juya tafin. Duk kanta ce, wasu wuraren sun fashe sun warke. Ta ce, "Ɗiyar nan, sussukar mi kunka yi da bazara?" Mahaifiyata ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a cikin furar. Ba za ta tona mijinta ba, ba za ta kuma yi wa surukarta ƙarya ba.

Inna ta kira 'ya'yanta biyu ɗakinta. Ina bakin ƙofa ina tsince wake, ba wanda ya kore ni. Baffa ya fara rantse-rantse, ta ce, "Rihe bakinka, kada ka haɗa da Allah cikin wagga magana." Sai mahaifina ya faɗi gaskiya. Sun sauke dammai, sun sa mata sun sussuke, mota ta kwashe. Ƙaiƙayin kuma suka mayar ciki suka danna da kara, don kada ginin ya yi ƙara in tsoho ya buga. A sama suka jera dammai kaɗan, ko da zai sa hannu. Wai kaka na yi za su cika ta, ba zai taɓa sani ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba sayarwar ba ce. Mayar da ƙaiƙayin ne. Sai da suka zauna suka yi tunanin kunnen mahaifinsu, suka yi masa dabara daidai da shi. Kuma mahaifina, wanda nake gani kamar ba ya iya kashe ƙuda, shi ya tsare mu a Bungudu har aka gama.

Inna ta ce su je su gaya masa da bakinsu. Suka ce sai an ga yadda damina ta kama. Ita kuma ta kasa faɗa masa, tana tsoron abin da zai yi wa zuciyarsa. Haka gidan ya zauna. Kowa ya sani ban da mai abin. Kullum da safe in ya ɗauki sanda ya nufi bayan rumbuna, sai tsakar gida ta yi tsit, mai daka ta tsaya da taɓarya a sama.

Ruwa ya sauka sau ɗaya, aka yi shuka, ya ɗauke. Shukar ta fito ta ƙone. Aka sake, aka yi roƙon ruwa a bayan gari, mu yara muka bi da ƙafa ba takalmi. Rumbunan kara suka yi ƙasa, a gidanmu da gidajen maƙwabta, don kusan kowa ya sayar wa motocin nan fiye da yadda ya saba. Da ruwan ya tashi dawowa kuma sai ya zo da ƙarfinsa duka. Marka ta kafu. Rafin da ke tsakaninmu da Tsafe ya cika ya tafi da kwalbatin, burjin ya koma taɓo. Wannan ne abin da su Baffa ba su lissafa ba. Da rani aka yi hanyar, da rani suka san ta. Ba su taɓa ganin ta da damina ba. Motar da za ta kawo hatsi ta tsaya can ƙetare, direban ya leƙa ya juya. Kuɗi na aljihun Baffa, amma ba mai sayar da ko tiya ɗaya a ƙauyen.

Maƙwabta suka fara zuwa gaishe da Baba Tsoho, gaisuwar da kowa ya san ma'anarta. Shi kuwa har wani haske fuskarsa ta yi, don ranar da ya yi shekaru yana tanadi dominta ta zo. Ya ce a gaya wa masu gidajen unguwa su zo ranar Juma'a bayan an sauko, kowa da ƙwaryarsa, za a buɗe ruhewa. Inna ta sake samun 'ya'yanta ta ce, "Ku hwaɗa mishi kahin mutane su taru. Kunyar ɗaka ta hi ta waje sauƙi." Mahaifina ya je har ƙofar ɗakin tsohon, na gan shi, ya tsaya, ya gyara murya, sannan ya tambaye shi yaya ido.

Ranar Juma'a aka taru. Ana yayyafi. Dattawa na tsugune a gindin katanga, mata na leƙe ta bayan zana. Baba Tsoho ya sa farar rigarsa, ya ce mahaifina ya kafa tsani, shi ne babba. Ya hau, ya ɗaga jinkar, ya fasa lakar. Ya miƙo dami na farko, aka karɓa da bismilla. Ya miƙo na biyu, da 'yan kaɗan bayansa. Sai ya tsaya.

"Miƙo mana," in ji tsoho.

Mahaifina ya ƙara tura hannu ciki.

"Ko maciji ka gani?"

Mahaifina ya sauko da abu a tafin hannunsa, ya durƙusa a cikin taɓo, ya zuba a hannun mahaifinsa. Baba Tsoho ya murza. Ya kai hanci. Ya hura, abin ya tashi ya manne a jiƙaƙƙiyar rigarsa. Sannan ya tambaya, a hankali, "Har ƙasa?"

"Har ƙasa, Baba."

"Kai ma da kai?"

"Da ni."

Na zaci zai yi zagi ko ya ɗaga sanda. Bai yi ba. Ya juya wajen da yake jin numfashin mutane ya ce, "Jama'a, ku gahwarce ni. Ni na kira ku, ban san gidana ba." Ya sa aka kwance damman da aka sauko da su aka raba wa waɗanda suka zo, kowa ya samu ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Inna ta ce a rage wa yaran gida ko guda. Ya ce a'a, ya riga ya yi alkawari, kuma waɗannan ne kaɗai gaskiyar da ke cikin ginin.

Washegari mahaifina da Baffa suka kora tsohuwar jakar nan zuwa Tsafe, suka ƙetare rafi ruwa har ƙirji. Abin da suka samo garin rogo ne da motocin kudu suka kawo, da ɗan masara. Sun yi ta wannan zirga-zirga har gero ya nuna, jaka da mangala, su da kaya a ka. Muka ci kwaɗon tafasa da zogale har harshenmu ya yi kore. Ba wanda ya mutu a gidanmu, Allah ya tsare. Kuma dole in faɗi gaskiya: garin nan da ya riƙe mu, babbar hanya ce ta kawo shi Tsafe. Baba Tsoho yana ci in an ba shi, bai taɓa cewa komai a kansa ba.

Da aka yi girbi, su biyun suka zo suka ce za su cika ruhewa kamar yadda suka yi niyya. Ya ce su bari. Ya kira liman da mai unguwa, ya raba gandu. Kowa ya ba shi gonarsa, ya ce kowa ya kafa murhunsa, shi da Inna gayauna, 'yar gonar bayan gida, ta ishe su. Mahaifina ya yi kuka kamar yaro, ya ce a yi masa kowane hukunci ban da wannan. Tsoho ya ce ba hukunci ba ne, ya yafe musu duniya da lahira. Amma gandu amana ce ke riƙe da shi, ba katanga ba, kuma shi ba zai iya cin tuwo yana lalube a ƙarƙashinsa ba. Ruhewar ba a sake mayar mata da jinka ba. Damina biyu ta narke ta koma tudu, awaki na hawa.

Yanzu na girmi mahaifina na wancan lokacin. Na sha juya maganar a raina, musamman in na idar da sallah ina zaune. Hanyar nan ita ta kai ni sakandare a Gusau, ni da ba a taɓa tsammani ba. Ita ta kai mahaifiyata asibiti ranar da haihuwa ta zo mata da gardama, da ba don haka ba da ban sami ƙanen da nake da shi ba. Baffa ya zama babban ɗan kasuwar hatsi, ya ciyar da mutane da yawa, ya kai mahaifina Makka. Har ya rasu yana cewa lissafinsa daidai ne, ruwa ne ya ci amanarsa. Wataƙila. Ga shi kuma yau abin ya juye gaba ɗaya. Mutanen ƙauyenmu ba sa iya ajiye hatsi a gida saboda mutanen daji masu bindiga, da an sussuke sai a nemi mota a gudo da shi birni. Wanda ya gina ruhewa yanzu ya gina wa wasu. Ban san me Baba Tsoho zai ce da wannan ba. Shi ya sa in ana yabon hanya a gabana nakan yi shiru, in ana zagin ta ma nakan yi shiru.

Ƙanen nan nawa shi ke noma gonar mahaifinmu. Kowace kaka yakan kawo buhunansa ya ajiye a ɗakin da na ware masa, ya ware nawa rabon daban. Mutumin kirki ne, ban taɓa kama shi da ko ƙwaya ba. Amma kafin in ce na gode, sai na kwance bakin buhun, na naɗe hannun riga, na tura hannuna har gindinsa na damƙo. Bana da ya ga ina yi, ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, har ni?"

Na ce, "Har kai. Waɗanda sunka yi waccan ma ba baƙi ba ne."